Beldiya: Me ya sa Maroko ke neman ceto tsohon irin wiwin da ta yi shekaru tana ƙonawa?

A watan Agustan 2024 Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya yi wa mutum sama da 4,800 afuwa, dukkansu waɗanda aka ɗaure, ko ake shari'arsu, ko ake nema ruwa a jallo saboda noman tabar wiwi. A shekarar ce kuma hukumar da ke kula da harkar ta ba manoma izinin shuka wani tsohon iri na gida da ake kira Beldiya, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar kuma ta shiga aikin tantance shi. Da labarin ya iso mana, abu ɗaya yawancin mutane suka ji: ƙasar Musulmi ta halatta wiwi. Wasu suka yi tir, wasu samari kuma suka yi murna. Dukkansu ba su kama zaren ba, domin shan wiwi don maye laifi ne a Maroko har gobe.

Tambayar da ta dace ita ce: me ke cikin wannan tsohon iri da har gwamnati ta ga asara ce ya ɓace? Kuma adana irin tsiron da ke lalata matasa, ba taimaka wa ɓarna ba ne?

Mene ne tsohon iri?

Manomin ƙasar Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Kaura da farfara a dawa, ko maiwa a gero, ba wani kamfani ne ya ƙirƙiro su ba. Kakanni ne suka riƙa ware zangarniyar da ta fi kyau kowace kaka suna ajiyewa, har irin ya saba da ƙasar wurin da ruwansa da kwarinsa. Haka tabar wiwi take da nata tsofaffin irin a wuraren da ta daɗe: tsaunukan Hindu Kush a Afghanistan da Pakistan, kwarurukan Himalaya a Indiya da Nepal, Tailan, Malawi, Lesotho, gabashin Afirka ta Kudu, da tsaunukan Rif a arewacin Maroko.

Tsiron tsoho ne a hannun ɗan Adam. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2021 ya nuna an fara nomansa a gabashin Asiya kimanin shekara 12,000 da suka wuce. Wasu al'ummu sun zaɓe shi don zare da igiya, wasu don man ƙwayarsa, wasu don danƙon da ke jikin furen mace, inda sinadaran maye da na magani suke. Biyu daga cikin sinadaran sun fi shahara. THC shi ne mai bugarwa. CBD ba ya bugarwa, kuma da shi aka yi maganin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani da Amurka ta amince da shi a 2018.

Abin da ya bambanta tsohon iri da na kamfani shi ne rashin zama bai ɗaya. A gona guda za ka ga dogo da gajere, mai saurin nuna da mai jinkiri, mai yawan THC da mai yawan CBD. Ɗan kasuwa yana ganin wannan a matsayin aibi. Ga manomi kuwa kariya ce, domin duk shekarar da ta zo da fari ko cuta, ba za a rasa waɗanda suka tsira ba.

Yadda baƙon iri ya kori na gida a Rif

Rif yanki ne na duwatsu da gangara, ƙasarsa ba ta da kauri, mutanensa kuma sun daɗe suna cikin mafiya talauci a Maroko. Ƙarnoni ke nan ana noman wiwi a kewayen garin Ketama. A da abin da ake yi da ita shi ne kif: a yanka busasshen fure ƙanana a kan katako, a gauraya da taba, a sha a wata siririyar lofe ta itace mai ɗan kai na yumɓu da suke kira sebsi. Sai a shekarun 1960, da matasan Turai da Amurka masu yawon duniya suka fara zuwa, aka koma tankaɗe danƙon ana yin hashish don fitarwa. A lokacin sanyi, idan ka shiga ƙauyukan, za ka ji ƙara kamar ta ganguna daga cikin gidaje. An ɗaure ƙyalle mai laushi a bakin baho, an ɗora busassun tsirrai, an rufe da leda, ana bugu da sanduna biyu har garin danƙon ya zuba ƙasa. Ƙwayar irin da ta kakkaɓo a wurin, ita manomi ke tarawa don shukar baɗi. Bai taɓa sayen iri ba.

Kasuwar Turai ta buɗe baki, noman ya bazu. Ƙididdigar da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2003 ta gano hekta 134,000, da kimanin mutum 800,000 da cinsu da shansu ya rataya a kai. Gwamnati ta shiga sara da ƙonawa, cikin shekara goma filin ya ragu zuwa wajen hekta 47,000.

A nan ne abin da ba a yi tsammani ba ya faru. Fili ya ragu, amma hashish ɗin da ake kamawa a Turai bai ragu daidai da haka ba, ƙarfinsa ma ƙaruwa ya yi. Masu bincike biyu, Pierre-Arnaud Chouvy da Kenza Afsahi, sun bi sawun lamarin a wani aiki da suka fitar a 2014. Sun tarar manoma sun watsar da irin kakanninsu, wato Beldiya, sun rungumi haɗaɗɗun iri da aka shigo da su daga waje, masu sunaye irin su Khardala da Pakistana, daga baya kuma Critical ta mamaye. Waɗannan suna ba da danƙo ninki uku ko fiye. Manomin da aka matse wa fili, dillali kuma ya ce masa Bature ba ya son kaya mai sanyi, me zai yi? Ni ban ga laifinsa ba a wannan lissafi, domin yana da bakunan da zai ciyar.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Ruwan Maroko a lokacin sanyi yake sauka, bazararsu kuwa busasshiya ce ƙayau. Beldiya ta san wannan. Ana yafa ta da wuri, tun ƙasa na da damshin ruwan sama, a girbe ta a tsakiyar bazara, sau da yawa ba tare da ban ruwa ba. Baƙon iri ana shuka shi a makare, ya kwashe watannin zafi duka a gona yana neman ruwa, ga taki, ga maganin kwari. Aka cika gangaren duwatsu da baƙaƙen bututun roba, da manyan ramuka da aka shimfiɗa wa leda don tara ruwa, da injinan ja daga rafi, da rijiyoyin burtsatse masu zurfi. Mai kuɗi ya haƙa, ya janye ruwan, maɓuɓɓugar da ƙauye ke sha ta ƙafe. Rigima kan ruwa ta shiga tsakanin maƙwabta. Duk wannan a ƙasar da ta yi shekara shida a jere tana fama da fari, farin da ya kai ga Sarki ya roƙi jama'a su haƙura da layya a 2025 saboda dabbobi sun ragu.

Ga kuma bashi. Haɗaɗɗen iri ba ya riƙe halinsa idan aka maimaita shi, bayan 'yan shekaru yabanya ta lalace, dole a sake saye. Mutumin da iri yake kyauta a ɗakinsa ya koma yana karɓar iri bashi daga hannun wanda zai sayi amfanin.

Me ya sa adana shi ke da wuya haka?

Mutum zai ce ai sai a zuba a kwalba a rufe. Abubuwa uku ne suka hana.

Na farko, wiwi tana da namiji da mace a tsirrai daban-daban, kuma iska ce ke ɗaukar bununin namiji ta kai wa mace. Bununin ba shi da nauyi ko kaɗan. A shekarun 1990 masu nazarin iska a birnin Malaga na Sifaniya sun riƙa kama bununin wiwi a na'urorinsu, suka gano daga arewacin Maroko iska ke kwaso shi, ya tsallake teku. Abin da ya ƙetare teku, shingen gona ba zai tare shi ba. Ko da manomi ya rantse ba zai bar irin ubansa ba, muddin maƙwabcinsa ya shuka baƙo kuma furensu ya haɗu a lokaci, ƙwayar da zai tara ta riga ta gauraya. Shi ya sa masana da dama ke shakkar ko Beldiyar yau ita ce ta shekara hamsin da suka wuce.

Na biyu, ƙwayar tana da mai, kuma iri mai mai ba ya jure zafi da damshi. A ɗaki, cikin 'yan shekaru yawancinsa ya mutu. Taskokin iri na duniya suna busar da shi su ajiye a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, duk da haka lokaci-lokaci sai an fito da shi an shuka an sabunta. Kuma ba tsiro biyar ko goma ba, sai da yawa, maza da mata, nesa da kowace gona, in ba haka ba bambancin da ake son adanawa ya tsiyaye.

Na uku shi ne doka. Shekara da shekaru masanin da ke son sabunta irin a taskar gwamnati yana iya samun kansa a hannun hukuma. Cibiyar Vavilov da ke Rasha da ta Gatersleben a Jamus sun riƙe wasu, amma galibi nau'in zare ne marar maye. Amurka, duk da ƙarfinta a binciken noma, sai bayan dokar gona ta 2018 ta kafa taskar irin nau'in zare a garin Geneva na jihar New York. Nau'o'in da ke da sinadaran magani kuwa an bar su a hannun talakawan manoma da ake farauta, da 'yan kasuwar bayan fage. A 2020 masana tsirrai John McPartland da Ernest Small suka bayyana tsofaffin irin kudanci da tsakiyar Asiya a matsayin waɗanda ke gab da ƙarewa, kuma babban dalilin da suka kawo shi ne gauraya da haɗaɗɗun iri.

Wiwin yau ba ta jiya ba ce

Wannan ɓangaren ne ya fi shafar iyaye, ko a Rabat suke ko a Kano. Daga shekarun 1970 masu haɗa iri a Kaliforniya, daga baya a Holan, sun ɗauki irin Afghanistan da Meziko da Kolombiya da Tailan suna aurar da su, abu ɗaya suke nema: ƙarin THC. Sun samu. A Amurka matsakaicin ƙarfin wiwin da ake kamawa ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, CBD kuma ya ragu. A Turai ƙarfin hashish, wanda mafi yawansa daga Maroko yake, ya tashi daga kusan kashi 8 a 2006 zuwa 17 a 2016. Wani babban bincike da aka yi a biranen Turai da Brazil, aka wallafa a 2019, ya nuna mai shan irin mai ƙarfi kullum yana da haɗarin taɓin hankali kusan ninki biyar na wanda bai taɓa sha ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Tsohon iri ma yana bugarwa, yana kama mutum, kuma malaman Musulunci tun zamanin Ibn Taimiyya sun yi magana a kan haramcin hashish, a lokacin da babu wani haɗaɗɗen iri a duniya. Abin da nake nunawa shi ne farautar da aka yi da kasuwar ɓoye sun taru sun tura tsiron zuwa mafi munin kamanninsa. Mai fasa-ƙwauri yana son kaya kaɗan mai ƙarfi da yawa, domin shi ya fi sauƙin ɓoyewa. Halayen da ba su da amfani gare shi, irin su jure fari, juriyar cuta da sauran sinadaran da likitoci ba su gama bincike a kansu ba, su ne aka yar a hanya.

Ƙuntatar tushen iri tana da nata sakamakon. Manyan gonakin Amurka da doka ta amince da su sukan yanko reshe daga uwa ɗaya su dasa dubbai, duk jini ɗaya. A 2019 aka tabbatar da wata cuta mai tsumburar da tsiron a Kaliforniya, ta bi ta waɗannan rassa ta bazu ko'ina. Duk lokacin da irin wannan ta faru a kowane amfanin gona, wurin tsofaffin iri masu haɗa iri ke komawa neman maganinta.

Irin na wane ne?

Shekaru da dama kamfanonin sayar da iri na Turai suna tura mutane Malawi, Eswatini, Kongo, Indiya da Maroko su karɓo ƙwaya daga hannun manoma, a kyauta ko a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sunaye irin su Durban Poison da Malawi Gold yanzu hajar kasuwa ce a shagunan Amsterdam da Kanada. Su kamfanonin suna cewa da ba don su ba da wasu irin sun ɓace, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma an sha ganin masu tattara irin suna bar wa manoma haɗaɗɗen iri a matsayin tukuici, wato sun ɗauki na asali sun bar abin da zai gurɓata ragowar. A Mpondoland ta Afirka ta Kudu kuwa, manoman da suka riƙe irinsu sun yi shekaru 'yan sanda na yi musu feshin maganin kashe ciyawa daga jirage masu saukar ungulu, har masarar da ke gefe ba ta tsira ba.

Akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014. Ta ce duk wanda zai ɗauki albarkatun halittu na wata ƙasa sai da izini, kuma a raba riba da masu su. To amma manomin da doka ke kallo a matsayin mai laifi, ta yaya zai je ofis ya ce irin nan nawa ne? Lesotho ta fara ba da lasisin noman wiwi na magani a 2017, ita ce ta farko a Afirka, sai dai kuɗin lasisin ya fi ƙarfin manoman duwatsun da suka gaji noman, kamfanonin waje suka shigo da nasu irin suka kafa rumfunan gilashi. Wannan rashin adalci ne ƙarara: wanda ya raini irin yana ɓuya, wanda ya kwasa yana sayar da hannun jari.

Hanyar da Maroko ta bi, da inda take da rauni

A Disambar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi tsanani na yarjejeniyar miyagun ƙwayoyi ta 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25. Ba halattawa ba ne, amincewa ce cewa tana da amfanin magani. Maroko ta goyi baya, a 2021 ta yi doka mai lamba 13-21 wadda ta ba da damar noma don magani da kayan shafe-shafe da masana'antu kaɗai, a larduna uku: Al Hoceima, Chefchaouen da Taounate. Dole manomi ya shiga ƙungiyar gama kai, ya shuka irin da ANRAC, hukumar da ke kula da harkar wiwi, ta amince da shi, ya sayar da duk amfanin ga kamfani mai lasisi. Lissafin ma'aikatar cikin gida ya nuna manomi na samun kusan kashi 4 cikin ɗari ne na kuɗin kayan a kasuwar ɓoye, ana fatan ya kai 12 a halastacciya.

Girbin farko a 2023 tan 294 ne, kuma da irin waje aka yi shi. Da aka buɗe wa Beldiya ƙofa a 2024 girbin ya haura tan 4,000, mafi yawansa nata ne. Manoma sun nuna da hannunsu abin da suka fi amincewa da shi.

Raunin yana wurin tantancewa. Ƙa'idar rajistar iri a duniya tana son iri ya zama bai ɗaya, kamfanin magani ma yana son sinadari iri ɗaya a kowane buhu. Idan cibiyar bincike ta zaɓi layi ɗaya ko biyu ta ce su ne Beldiya, ta raba wa kowa, za a ceci sunan a rasa bambancin da ke tsakanin kwari da kwari. A ganina dole a yi biyun tare: a tara samfuri daga ƙauyuka da yawa a taskar gwamnati, a kuma bar manoma su ci gaba da ajiye nasu a yankunan da aka hana baƙon iri shiga. Wannan na biyun shi ne mai wuya, domin halastattun gonaki 'yan dubban hekta ne, na ɓoye kuwa alƙaluman gwamnati na 2023 sun sa su sama da hekta 27,000.

Mu kuma fa?

Najeriya na cikin ƙasashen da suka ƙi amincewa a ƙuri'ar 2020, kuma noman wiwi ko ajiye irinta laifi ne mai ɗauri. Ƙididdigar 2018 ta nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan ta a ƙasar. Wanda ya ga abin da take yi wa samari a unguwanninmu yana da hujjar jin tsoron duk wata magana mai kama da sassauci. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kiran a ba da damar noma don magani, har ya je Tailan a 2019 don ganin yadda suke yi. An kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai bai wuce ba, hukumar NDLEA a ƙarƙashin Buba Marwa kuma ta tsaya a kan ƙin amincewa da halattawa. Gana ta bi wata hanya, ta amince da nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba.

Yanayinmu ba irin na Rif ba ne. Noman wiwi a nan bai yi tsawon tarihi kamar can ba, an fi danganta yaɗuwarsa da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka dawo bayan yaƙin duniya na biyu, kuma yawancinsa a dazukan Ondo, Edo, Delta da Osun ake yi, ana sare gandun daji dominsa. Babu wanda zai fake da labarin Beldiya ya ce yana adana gado a bayan gidansa. Abin da ya iso mana daga wannan labari shi ne ƙarshensa: kayan da ake kira Loud, da NDLEA ke kamawa a tashoshin jiragen ruwa da na sama na Legas daga Kanada da Amurka, jikokin waɗancan haɗaɗɗun iri ne. Uban da ke auna haɗarin da ɗansa ke ciki da wiwin da ya sani a shekarun 1980, wani abu daban yake aunawa. Idan kuma ƙudirin ya sake dawowa majalisa, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan majalisarmu su yi tun kafin a kai ga maganar kuɗin shiga: wa zai kawo irin, nawa ne ƙarfinsa, ruwa nawa zai sha, kuma lasisin hannun wa zai faɗa.